Attaruhu a cikin ɗaki da fitilar lantarki, zai yi 'ya'ya kuwa?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Don Allah waɗanda suka san harkar shuka ku taimaka min da shawara. A bene muke haya a Anguwan Rogo, ba tsakar gida ba baranda, tagar kicin ɗina ma bangon maƙwabta take kallo, rana ba ta shigowa sam sai ɗan haske. Na ga bidiyo a YouTube Turawa suna noman barkono a cikin ɗaki da fitila kawai har ya yi 'ya'ya jajur, shi ne na ɓare attaruhu na shuka a kofunan roba na jera ƙarƙashin ƙwan fitilar kicin. Sun fito kam, amma sai tsayi suke zabgawa sirara kamar zare, ganye bibbiyu a kai, wasu har sun kwanta. Abin nan yana yiwuwa a nan Jos ko in haƙura? In yana yiwuwa wace irin fitila ake sa musu?

DanFarinGada:
Wa alaikumussalam. Hajiya ki sauko Farin Gada da sassafe ki sayi attaruhunki ki huta. Kuɗin wutar da za ki ƙona zai saya miki na wata guda har da tattasai da albasa.

Injiniya_Sola:
Yana yiwuwa Hajiya, amma ba da ƙwan kicin ba. Tsayin nan da kika ga suna yi neman haske ne, tsiro in bai samu isasshe ba miƙewa yake ta yi har ƙarfinsa ya ƙare ya kwanta. Idonmu ne yake ruɗinmu, mun ga ɗaki ya haskaka sai mu ɗauka ya isa. Ki sauke manhajar auna haske a wayarki, akwai na kyauta, ki gwada da kanki. Luks ake kiran ma'aunin ƙarfin haske. Ɗaki mai fitila a silin da ƙyar yake wuce luks 300 zuwa 500, ranar tsaka kuwa a waje tana kaiwa 100,000. Ƙananan tsiro suna son wajen 10,000 zuwa 15,000, in kuma 'ya'ya ake nema sai an kai 25,000 ko sama da haka, awa 14 zuwa 16 kullum. Farar fitilar LED za ki nema mai wat 100 na gaskiya, ki rataye ta wajen santimita 30 zuwa 45 daga kan shukar, suna girma kina ɗaga ta. Nisan yana da muhimmanci ƙwarai, kina ƙara nisa ƙarfin hasken yana faɗuwa da sauri, shi ya sa ta silin ba ta yi musu komai. Sannan ki bar musu duhu awa 8, kar ki ce za ki kunna dare da rana don su yi sauri.

Baba_Lambu:
'Yata, mu da muke lambu a bakin ramukan kuza a Bukuru abin da muka sani shi ne a garin nan ba rashin rana ke hana attaruhu ba, sanyi ne. Daga Disamba zuwa Janairu ko a fili ka shuka shi tsayawa yake cak, ganye ya nannaɗe, ba ya gaba ba ya baya sai iska ta juya. Shi ya sa muke rufe fangalin reno da ciyawa. Kabeji da karas da latas da dankalin Turawa su ne masu son wannan lokaci, attaruhu ɗan zafi ne. Ni ban taɓa ganin an yi shi da fitila ba, ba zan ce ƙarya ne ba tunda Injiniya ya faɗa, amma da za ki samu ko saman dakali ne inda rana ke bugawa da ya fi miki.

Dachung_Vom:
Gaskiya Baba ya faɗa kan sanyi. Ina aiki a gidan leda, wato rumfar noma da ake rufewa da leda, inda muke noman manyan tattasai masu kala, kuma kullum ma'aunin zafi muke kallo. Irin barkono yana son ƙasa mai ɗumi, digiri 25 zuwa 30, kafin ya tsiro da kyau. Shambo yakan fito cikin sati ɗaya zuwa biyu, attaruhu kuma mai nawa ne, yana iya kai sati uku ko huɗu. In dare ya sauka ƙasa da 15 fure ba ya kamawa sosai, zubewa yake. Jos kuwa muna sama da mita 1,200, daren hunturu yakan sauka kusa da 11, wani daren ƙasa da haka. To a nan ne ɗaki yake da amfani, kicin ya fi waje ɗumi da dare, fitilar ma tana ƙara ɗan ɗumi. Don haka Maman Ilham ta samu rabin abin da ake nema, saura hasken.

Maman_Ilham:
Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wallahi ba inda zan ajiye a waje, ƙasan benen shaguna ne, ɗan filin da ke baya kuma awaki da kajin unguwa ba sa barin ko tsinke. Injiniya waɗannan da suka riga suka yi tsayi fa, in zubar in sake?

Injiniya_Sola:
Waɗanda ba su kwanta ba ki bar su. In fitilar ta zo ki ƙara musu ƙasa a kofin ta ɗan rufe karan zuwa kusa da ganyen farko, ki sa musu ƙaramar fanka tana kaɗa su a hankali, karan zai yi kauri. Waɗanda gindinsu ya yi baƙi ya tsuke kuwa sun tafi, ruɓewar gindi ce, yawan ruwa da rashin iska ke kawo ta, ki cire su kar ta kama sauran.

Sadiq_Rikkos:
Ni dai mu yi lissafi tukun kafin Hajiya ta kashe kuɗinta. Wat 100 sau awa 14 yunit 1.4 ke nan a rana, a wata yunit 42. Tun da aka ɗaga kuɗin Band A, wato rukunin da suka fi samun wuta, a watan Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200, ka ga sama da dubu takwas ke nan duk wata a kan fitila ɗaya, ban sa fanka ba, ban sa kuɗin sayen fitilar ba. Kuma fitila mai wat 100 attaruhu biyu ko uku za ta riƙe in sun girma. Attaruhu daga shuka zuwa nuna wata huɗu zuwa biyar ne. Ku tara ku gani ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In kuma ba Band A kike ba kuɗin ya ragu amma ina za ki samu wutar awa 14? DanFarinGada bai yi ƙarya ba.

Anti_Rahila:
Sadiq lissafinka daidai ne amma ba kowa ke shuka don riba ba. Ni ina da bokiti biyu a sito, ɗaya shambo ɗaya attaruhu, da fitila nake riƙe su kuma ina cin 'ya'yansu. Ba na fasa zuwa kasuwa in zan yi miyar taro, amma na indomin yara da ƙwai da ɗan yajin safe daga sito nake tsinka, kuma na san ba wanda ya fesa masa magani jiya ya kawo min yau. Maman Ilham ga yadda nake yi. Bokitin fenti mai lita 20, ki huda gindinsa da ƙusa mai zafi wuri da yawa, ki ɗora a kan tire. Ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi ko ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa kashi ɗaya don ruwa ya riƙa wucewa. Kashin kaji in ɗanye ne kar ki kuskura, ƙone saiwa yake. Ruwa kuma sai kin tura yatsa kin ji saman ya bushe, a ɗaki ƙasa ba ta bushewa da wuri irin na waje. Bangon sito na fari ne, yana mayar musu da haske, in naki mai duhu ne ki kewaye da farin kwali. Sai babban abin da mutane ba sa sani: a ɗaki ba iska ba ƙudan zuma, fure zai fito ya bushe ya faɗi kina ta mamaki. Furen barkono namiji da mace duk a cikinsa suke, girgiza kawai yake buƙata. Da hantsi in furen ya buɗe sai ki ɗan ƙwanƙwasa reshen da yatsa, in kin sa baƙar takarda a ƙasa za ki ga wani gari fari-fari ya zubo, ko ki ɗauki audugar goge kunne ki shafa cikin wannan ki shafa cikin wancan. Bayan 'yan kwanaki farin ganyen furen zai bushe ya zame, ki ga ɗan kore ya leƙo, in kuwa sandar furen ta yi rawaya to wannan bai kama ba.

Maman_Ilham:
Kai Anti Allah ya saka da alheri, wannan na girgizawa ban taɓa ji ba. Ke yaya kike yi in an ɗauke wuta?

Anti_Rahila:
Muna da inbata a gidan, da rana sola ke ja. In an yi kwana ɗaya ko biyu ba haske ba sa mutuwa, girman ne kawai ke ja baya. In abin ya yi tsawo yara su fitar min da su bakin ƙofa.

Injiniya_Sola:
Tunda an taɓo sola bari in faɗi gaskiya duk da sana'ata ce. Batir mai 100Ah na bolt 12 wat 1,200 yake riƙewa na awa ɗaya, kuma in irin mai ruwa ne rabi ake so ka ja in kana son ya daɗe, ka ga fitila mai wat 100 ba za ta wuce awa 6 a kansa ba, inbata ma tana cin nata. Saboda haka a kunna da rana lokacin da faranti ke caji, a ƙara 'yan awanni da safe da yamma. Amma wanda yake da inda rana ke sauka, ko rufin bene ne, ya kai shukar can kai tsaye. Farantin sola wajen kashi 20 cikin 100 na hasken yake mayarwa wuta, fitila ta sake zubar da wani kason, ka ɗauko rana daga rufi ka zubar da mafi yawanta a hanya kafin ta kai ga ganye.

Malam_Bauchi_Road:
Abin da ya kamata a gane shi ne dalilin da ya sa Turawan suke yi. A Landan a watan Disamba hasken rana wajen awa 8 ne kacal, ga sanyin da ke kashe barkono a dare ɗaya, lokacin zafinsu kuma gajere, attaruhu ba ya isa nuna in sun jira. Shi ya sa suke fara reno a ɗaki tun Janairu ko Fabrairu su fitar waje in gari ya yi ɗumi. Mu nan duk shekara rana tana ba mu tsakanin awa 11 da rabi zuwa 12 da rabi. Larura ce ta sa su, mu kuma sai mu duba tamu larurar. Ta Maman Ilham larura ce ta gaske tunda ba ta da fili, amma kar wanda ke da tsakar gida ya je ya sayi fitila.

Ummu_Kubwa:
Ku kuna kukan sanyi mu a Abuja zafi ne. Daga Fabrairu zuwa Afrilu attaruhuna na baranda fure yake ta zubarwa ko ɗaya ba ya kamawa, sai ruwan sama ya sauka yake dawowa hayyacinsa. Na yi tunanin shigar da shi falo in sa masa fitila amma falon ma in ba wuta tafasa yake.

Dachung_Vom:
Anti Ummu in zafi ya wuce 32 zuwa 35 haka yake yi, garin furen ne ke lalacewa. Ke ba fitila kike buƙata ba, inuwa ce. Ki ɗaura masa raga ko tsohon gidan sauro ta ɓangaren ranar yamma, ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa, kuma kar bokitin ya zama baƙi yana shan rana. Kar ki tuge shi, barkono yana shekara biyu uku in an kula da shi, in ya tsufa a rage masa rassa ya sake tohowa.

DanFarinGada:
Ni fa har yanzu ban ga dalili ba. Barkono abinmu ne tun kaka da kakanni, a rana aka san shi, ko ɗanɗanon ma ba zai zo ɗaya da na gona ba.

Malam_Bauchi_Road:
A'a Ɗan Farin Gada, barkono baƙo ne a wurinmu. Asalinsa nahiyar Amurka ne, yankin Meziko da Amurka ta Kudu, bayan tafiyar Kolombus ta 1492 ne ya fita duniya, 'yan Fotugal suka yaɗa shi gaɓar Afirka da Indiya. Tumatir da masara da rogo da gyaɗa duk ta can suka zo. Kafin nan kakanninmu da masoro da kimba da citta suke yaji.

Hajjo_Gangare:
Ikon Allah, yau na ƙaru. To kafin tumatir da tattasai da me ake miya? Kuka da kuɓewa da daddawa ke nan. Amma maganar ɗanɗano Anti Rahila ce za ta raba gardama tunda ita ke ci.

Anti_Rahila:
Ƙamshin attaruhu yana nan, yaji ma yana nan, sai dai 'ya'yan ba su kai na gona girma ba kuma ba su kai su yawa ba, wannan gaskiya ce. Na lura in na ɗan ja masa ruwa lokacin da 'ya'yan suka fara nuna yajin yana ƙaruwa. Kuma yajin ba a ƙwayar irin yake ba yadda ake cewa, a farar tsokar nan ta ciki yake wadda irin ke manne da ita.

Baba_Lambu:
Wannan na jan ruwa haka yake ko a lambu. Amma 'yata Rahila ki faɗa mata maganar taki, don na san halin masu sabon hannu, su ga ganye ya yi kore shar su yi ta zuba yuriya. Yuriya ganye take sawa, itace ya yi tsayi ya yi duhu ba ɗa ko ɗaya. Takin kamfa 15-15-15 ɗan kaɗan, cikin ƙaramin cokali, a binne a gefen bokiti nesa da gindi, bayan an yi dashe ya kama ƙasa. In ya fara fure a rage hannu.

Nanret_TudunWada:
Ba wanda ya yi maganar ƙwari. Ni abin da ya kore ni daga shuka a ɗaki ke nan. Darɓa ta cika bayan ganye, ganyen ya yi danƙo, tururuwa ta biyo, sannan ga wasu ƙananan jajaye da ba ka ganinsu sai ka ga ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari da 'yar saƙa a tsakanin rassa. A waje ruwan sama yana wanke su wasu ƙwarin suna cinye su, a ɗaki kuwa ba mai taɓa su.

Dachung_Vom:
Waɗannan jajayen busasshiyar iska suke so, hunturu lokacinsu ne. A riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa duk bayan kwana biyu. Da an gani a kai bokitin banɗaki a wanke ganyen da ruwa sama da ƙasa, sannan a fesa ruwan sabulu marar ƙarfi ko man darbejiya da aka dama da ɗan sabulu, a maimaita bayan sati. A fesa lokacin da za a kashe fitila don kar ganye ya ƙone. Maganin gona mai ƙarfi kuma kar a shigar da shi kicin inda ake abinci da yara. Wani abu kuma, in kun ga ƙuraje fari-fari a bayan ganye ba sa motsi, ba ƙwari ba ne, ruwa ne ya yi wa ganyen yawa ga rashin iska, fanka da rage ban ruwa ke gyara shi.

Sadiq_Rikkos:
Injiniya ka ce wat 100 na gaskiya, ka yi wa mutane bayani. Na taɓa sayen fitilar waje an rubuta 100 a kwali, da aka auna min ko rabi ba ta ja.

Injiniya_Sola:
Shi ya sa na ce na gaskiya. Rubutun kwali ba abin dogaro ba ne, ka sa a auna maka a shagon ko ka kunna ka auna hasken da wayarka a nisan da za ka rataye ta. Mai nauyi wadda bayanta ƙarfe ne ta fi daɗewa don tana fitar da zafi. Ba dole sai mai launin shunayya irin ta bidiyo ba, fara mai 4000K zuwa 6500K (lambar launin hasken ke nan) ta isa, kuma da fara kake ganin launin ganye da ƙwari. Tsohon ƙwai mai zare irin na ɗumama 'yan tsaki kar a sa, zafinsa ya fi haskensa. In za a sayi taima, wato na'urar da ke kunna fitila da kashe ta a kan lokaci, a sayi mai batir a ciki, mai juyawa in an ɗauke wuta tsayawa take, lokacin ya rikice. Soket kuma ya kasance sama da bokiti, ba a ƙasa inda ruwa zai gangara ba.

Hajjo_Gangare:
Maman Ilham ki kula da yara kuma, jan attaruhu a daidai tsayinsu yana jan ido, su tsinka su murza ido. Ki ɗora a sama ko ki rufe ƙofar.

Maman_Ilham:
In sha Allah Hajjo. To jama'a na ji duka, amma lissafin Sadiq ya tsaya min a rai, dubu takwas a wata ba wasa ba ne a wannan zamani. In na sayi ƙarama mai wat 30 ko 40 fa, zai yi 'ya'ya?

Injiniya_Sola:
Za ta yi miki reno lafiya lau, tsiro goma ma za ta riƙe har su isa dashe. 'Ya'ya kuma sai dai itace ɗaya ƙarami, ki matso da ita kusa ki kewaye da farin kwali. Ni da shambo ko ƙananan barkono zan ce ki fara, sun fi attaruhu saurin yi.

Dachung_Vom:
Ni ina ganin wat 40 attaruhu zai yi ganye ne kawai da 'ya'ya biyar shida. Gara ta yi reno da ita yanzu cikin sanyi, zuwa Maris ta samu dashe masu ƙarfi ta kai gidan wani ɗan'uwa mai fili. Sai dai kar a fitar da su rana kai tsaye, ganyen da ya saba da fitila fari yake yi ya ƙone, a fara da inuwa da ranar safe ana ƙarawa har sati guda.

Anti_Rahila:
Dachung in ta kai gidan wani ai ba nata ba ne kuma, ita a kicin ɗinta take son ta miƙa hannu ta tsinka. Kuma waje ma da nasa, marka ta Yuli da Agusta tana ruɓar da gindi, ƙanƙara in ta sauko ta farfasa ganye. Maman Ilham ki fara da ɗaya ki gani da idonki.

Baba_Lambu:
In dashen ne matsala ni zan ba ki shambo mai ƙarfi guda biyu in sanyi ya wuce, ki turo yaro Bukuru. Ɗaya ki sa a fitilar, ɗaya ki roƙi mai gidan ya bar ki ki ɗora a saman tankin ruwa inda akuya ba ta hawa.

Ummu_Kubwa:
Injiniya don Allah fitilar cajin nan mai faranti da ake rataye wa a shago, ita ma za ta yi reno ko haskenta bai kai ba?